Gubar Dalma a Zamfara: An Wanke Jini, An Kwashe Ƙasa, Saura Yaran da Suka Tashi da Farfaɗiya

A watan Maris na 2010, tsakiyar zafi, lokacin da sanƙarau ya saba ɓarkewa a Arewa, ma'aikatan ƙungiyar likitoci Na-gari Na-kowa, wato MSF, suna zagayen sa ido kan wannan cuta a jihar Zamfara sai labari ya iske su cewa ƙananan yara na ta mutuwa a wasu ƙauyukan Bukkuyum da Anka. Kusan iri ɗaya ciwon ke zuwa a kowane gida. Yaro zai fara da amai da ciwon ciki, ya ƙi abinci, jikinsa ya saki, sai jijjiga ta kama shi, idanu su juye, haƙora su datse. Wasu daga nan sai doguwar suma, daga suma sai makabarta. Duk wanda ya yi aikin asibiti a ƙasar Hausa, in aka miƙo masa ɗan shekara biyu yana jijjiga, abu biyu zai fara kawowa a ransa: zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, ko sanƙarau. Da su aka fara. Aka ba da maganin maleriya, aka yi alluran kashe ƙwayoyin cuta, yara suka ci gaba da mutuwa.

Abin da ya ja hankalin ma'aikatan shi ne injinan niƙa da ke aiki ba ji ba gani a cikin ƙauyukan, kuma ba hatsi suke niƙawa ba, duwatsu ne. Aka ɗebi jinin yara takwas aka aika wani ɗakin gwaji a Jamus. Sakamakon ya dawo da dalma tsakanin 168 da 370. Da maikurogiram a kowace desilita ake auna dalmar jini, kuma a wancan lokaci yaron da ya kai 10 ya isa ya tayar wa likita hankali, wanda ya kai 45 ana fara ba shi maganin fitar da guba, daga 70 zuwa sama kuwa kwantar da shi ake yi nan take don ransa na cikin haɗari. Mafi sauƙi a cikin yaran nan takwas ya ninka wannan matakin na ƙarshe fiye da sau biyu.

Haƙar zinare ba baƙon abu ba ce a yankin. Farashi ne ya canza. Zinare ya haura dala 1,000 kowane oza a kasuwar duniya, manomin da ke zaman hannu baka hannu ƙwarya ya ga sana'ar rani a ƙofar gidansa wadda ta fi masa tafiya ci-rani. Sai aka yi rashin sa'a, duwatsun da aka faɗa wa haƙa cike suke da dalma, dangin dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙa tozali da shi. Masana duwatsu na gwamnatin Amurka da suka gwada su daga baya sun gano cewa ruwa da iska sun riga sun sauya yawancin dalmar zuwa wani nau'i da ke saurin narkewa a ruwan ciki.

Maza su haƙo, a kawo gida a buhu, a farfasa da guduma. Mata su daka a turmi, wata da goyo a bayanta. A kai inji a mayar da shi gari, a wanke a bakin tafki ko rijiya, a kama zinaren da zaiba, sauran a shanya a tsakar gida kusa da inda aka shanya gero. Ƙurar ta sauka a tabarma, a kwanon abinci, a bakin randa, a ƙasan da yaro ke rarrafe. Shi kuwa mai rarrafe duk abin da hannunsa ya taɓa baki yake kaiwa. Cikin ƙaramin yaro na tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da cikin babba ke tsotsewa, in kuma yana da ƙarancin jini ko yunwa abin ya fi haka muni, domin jiki na karɓar dalma ta hanyar da yake karɓar sinadaran ƙarfe da kalsiyam. Shi ya sa uban da ya wuni cikin ƙurar inji ke tafiya da ƙafarsa, ɗansa na goye kuma ke kwance. Mutanen ƙauyukan sun ce tun kafin yaran su fara kwanciya sun lura agwagi sun ragu a gari, amma ba wanda ya kawo komai a ransa.

A watan Mayu na wannan shekara, jami'an cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tare da takwarorinsu na Najeriya da Hukumar Lafiya ta Duniya, suka bi ƙauyukan Dareta da 'Yargalma gida-gida. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a watanni 12 da suka gabata, wato ɗaya cikin kowane huɗu. Kashi 82 cikin 100 na waɗanda suka rasu sai da suka yi jijjiga kafin rai ya yi halinsa. Cikin rayayyun da aka auna, kashi 97 cikin 100 sun kai matakin 45 ko sun wuce. A wasu wurare dalmar da ke cikin ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali ƙa'idar Amurka a lokacin ga filin da yara ke wasa 400 ce. An kiyasta cewa yara fiye da 400 suka rasu a wannan annoba.

A gadon asibiti

Idan dalma ta yi yawa a jinin yaro, tana lalata ƙananan jijiyoyin jinin da ke tsare ƙwaƙwalwa, ruwa ya riƙa tsattsafowa, ƙwaƙwalwa ta kumbura a cikin ƙoƙon kan da ba shi da wurin buɗewa. Daga nan jijjiga da suma ke fitowa. Saboda haka yaron da aka kawo asibitin Anka ko na Bukkuyum yana fizge-fizge, ba da dalmar ake farawa ba. Sai an tsayar da jijjigar tukuna da allurar diazepam, an kwantar da shi a gefensa don kada yawu ko amai su shige masa huhu, an duba sukarin jininsa, an gwada maleriya. Wanda ba ya iya haɗiya a zura masa robar abinci ta hanci. Jijjigar da ta wuce minti biyar ba ta tsaya ba ita kanta ɓarna take ƙara wa ƙwaƙwalwa, balle wadda aka taho da ita a kan babur daga ƙauye, a hanyar da damina ta cinye.

Bayan haka ne ake shiga aikin fitar da gubar. Maganin yana bin jini ne ya damƙe dalmar, ƙoda ta tace su tare su fita ta fitsari. Waɗanda suka yi nisa ana ba su wani mai suna EDTA ta jijiya. Mafi yawa kuwa DMSA suka sha, ƙwanso ne mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wanda ake ɓarewa a zuba garin cikin ɗan abinci ko ruwa in yaron bai isa haɗiye shi ba. Tsarin da aka saba shi ne miligiram 10 a kowane kilo na nauyin yaro, sau uku a rana na kwana biyar, sannan sau biyu a rana na kwana 14, jimla kwana 19. MSF ta fara wannan aiki a watan Yuni na 2010, kuma da fari kwantar da yaran ake yi har kwana 28.

Kwana 28 a asibiti, a watan Yuni, ana tsakiyar shuka. Uwa ce za ta zauna jinya, ta bar sauran yara da girki da surukai a gida, kuma sai maigida ya yarda. Ga yawan marasa lafiyar ya fi ƙarfin gadaje. Dole aka koma kai maganin ƙauyuka, uwa ta kawo yaro a ba shi a gaban ma'aikaci ko ta karɓi na wasu kwanaki ta tafi da shi. Da MSF ta zauna ta yi lissafin zagaye 3,180 na magani da aka ba yara 1,156 a shekarar farko, ta ga cewa zagaye ɗaya na rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu na dalmar jini, kuma ragin ya fi yawa ga waɗanda aka kwantar da waɗanda aka fi sa wa ido wajen sha. Rubu'i ba ƙaramin abu ba ne, amma ga yaron da ya zo da 200 tsugune ba ta ƙare ba. Ga kuma wata matsalar: dalma ba a jini kaɗai take ba, tana taruwa a ƙashi. In an wanke jinin, bayan 'yan makonni ta cikin ƙashi ta sake fitowa, lamba ta sake hawa, a sake sabon zagaye. Akwai yaran da suka shekara da shekaru ana wannan faɗi-tashi da su.

Hatta awon bai zo da sauƙi ba. 'Yar na'urar da ake ɗauka zuwa ƙauye, mai ba da sakamako cikin 'yan mintuna daga ɗigon jini, iyakarta 65. Daga nan ba ta ba da lamba, sai dai ta nuna ya wuce. A Zamfara kuwa bambancin mai 70 da mai 300 shi ne bambancin wanda zai iya jira da wanda ba zai kai gobe ba. Sai da aka ɓullo da dabarar surka jinin yaron da jinin da ba shi da dalma sosai, a auna, a ninka, sannan aka iya jera yara gwargwadon haɗarin da suke ciki.

Akwai wata ƙa'ida da likitocin suka tsaya a kai wadda ta yi wa iyaye ciwo, amma a ganina ita ce ƙashin bayan aikin gaba ɗaya: in ba wanda rai ke hannun Allah ba, ba a fara ba yaro magani sai an tsabtace gidan da zai koma. Ba yaro DMSA a mayar da shi tsakar gidan da ke cike da ƙurar dalma ɓata magani ne da wahalar da yaro, har ana tsoron ya ƙara masa tsotsar gubar. Saboda haka jinya ta koma jiran masu shebur. Kamfanin TerraGraphics na Amurka da cibiyar Blacksmith, tare da ma'aikatar muhalli ta jihar, suka ɗauki mutanen ƙauyukan aiki: a kankare saman ƙasa kimanin santimita biyar, a zuba a buhu, a kai ramin da aka tanada a binne, a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. Ɗaki-ɗaki, gida-gida, da hannu. Shiga gidan matan aure sai da izinin maigida da sa bakin sarakuna, kuma masarautun yankin ne suka tsaya aka fitar da niƙan dutse daga cikin gari. An gama Dareta da 'Yargalma a daminar 2010, sannan Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji da Tungar Guru zuwa farkon 2011.

Bagega ce ta rage, ita ce kuma mafi girma, da yara kimanin 1,500 da ke jiran magani. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850, kuɗin ba su fito ba. Aka yi taro a Abuja a watan Mayu na 2012, damina ta zo ta wuce, shiru. Likitoci na nan da maganinsu a hannu amma ƙa'ida ta ɗaure su. Sai da ƙungiyar Human Rights Watch da matasan Follow The Money irin su Hamzat Lawal suka tayar da ƙura a kafafen sada zumunta sannan gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗi a farkon 2013, aka shiga kwashe ƙasa, magani ya fara a watan Afrilu. Yaron Bagega da aka haifa lokacin da aka gano annobar ya kai shekara uku kafin a zo kansa, kuma waɗannan su ne shekarun da ƙwaƙwalwa ta fi gina kanta. Wannan jinkiri ba shi da uzuri.

A ƙarshe an kwashe fiye da kubik mita 27,000 na ƙasa da tarkacen dutse daga gidaje da wuraren niƙa 820 a ƙauyuka takwas. Matsakaicin dalmar jinin yaran da ake ɗauka a shirin ya sauko daga 149 zuwa 15 cikin shekaru huɗu. Abin da ya ci Doma kuma bai bar Awe ba: a 2015 irin wannan annoba ta ɓulla a ƙauyukan Kawo da Magiro na ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja, yara 28 suka rasu. A can ne aka gwada fesa ruwa a bakin injin niƙa, aka ga dalmar da masu aiki ke shaƙa ta ragu da kusan kashi 95 cikin 100. A watan Fabrairu na 2022 MSF ta miƙa shirin Zamfara ga hukumomin jiha, bayan ta auna yara 8,480, ta ba 3,549 daga cikinsu maganin fitar da guba.

Abin da maganin ba ya iyawa

Duk waɗannan lambobi na jini ne da na ƙasa. Sun cancanci yabo, domin bayansu akwai dubban yaran da ke raye. Amma uwar da aka sallamo daga asibiti da yaron da ya shiga yana tafiya ya fito ba ya iya zama, ba lambar jini take tambaya ba. Tambayarta ita ce yaushe zai miƙe, yaushe zai sake kiran sunanta, me ya sa har yanzu yake faɗuwa.

Gaskiyar da ya kamata a faɗa wa iyaye tun ran farko ita ce DMSA na ceton rai, yana tsayar da ɓarna, amma ba ya gyara wadda ta riga ta auku. An gwada wannan a Amurka a kan yara 780 masu dalma tsakanin 20 da 44, aka raba su biyu, wasu suka sha maganin wasu suka sha na banza. Dalmar jinin masu shan maganin ta fi saurin sauka, amma da aka auna fahimtarsu da halayensu bayan shekara uku ba su fi 'yan'uwansu da komai ba. An wallafa wannan tun 2001. Game da waɗanda gubar ta kai su ga kumburin ƙwaƙwalwa kuwa, wani tsohon bincike na birnin Chicago da ya fito a 1966 ya nuna kusan takwas cikin goma sun tashi da tabo na dindindin, fiye da rabi kuma jijjiga ta ci gaba da dawo musu. Wasu taɓuwar fahimta, wasu sanƙarewar gaɓoɓi, wasu makanta.

A Zamfara, da MSF ta duba yara 972 kafin su fara magani, kusan ɗaya cikin goma na da alamun taɓuwar ƙwaƙwalwa ko labarin jijjiga a kwanakin baya. Haɗarin ya yi tsalle sosai daga matakin 120 zuwa sama, ya fi yawa ga 'yan shekara ɗaya zuwa biyu, da waɗanda maleriya ta haɗu musu da dalmar. Kada a manta waɗannan su ne waɗanda suka rayu har aka auna su. Sauran tara cikin goman da ba a ga komai a jikinsu ba su ma ba su tsira ba, domin dalma ko kaɗan ce tana rage kaifin fahimta da natsuwa, abin da ba ya bayyana sai yaro ya zauna gaban allo an ga karatu ya ƙi shiga, a ce daƙiƙi ne ko mai ƙiriniya, a bi shi da bulala.

Jijjigar da ta zo lokacin da guba ke kan ganiyarta daban take da farfaɗiya. Ta farko tana tafiya in sanadin ya kau. Farfaɗiya kuwa ita ce wadda ke dawowa da kanta, sau biyu ko fiye, ba zazzaɓi ba komai, saboda tabon da ya rage a ƙwaƙwalwa. Jinyarta ba ta kwana 19 ba ce. Ƙwaya ce kullum, safe da dare, shekara da shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan bakwai cikin goma na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa in sun sami maganin da ya dace, kuma magungunan tsofaffi ne masu araha. Sai dai kowanne da halinsa. Phenobarbital ya fi arha, amma yakan sa yaro yawan barci ko ya mayar da shi mai fitina da rashin zama wuri ɗaya, iyaye su tsorata su daina. Carbamazepine na iya fitar da ƙuraje masu haɗari a makonnin farko. Sodium valproate na kama nau'o'in farfaɗiya da yawa amma ya fi su tsada, yana kuma da babbar illa ga ɗan tayi. Yaro na girma, nauyinsa na ƙaruwa, dole a riƙa auna shi ana ƙara masa gwargwado, in ba haka ba maganin da ya yi aiki bara ya gaza bana a ce ba ya ji. Farfaɗiyar da ta samo asali daga tabon ƙwaƙwalwa kuma ta fi taurin kai, sau da yawa sai an haɗa magani biyu.

Mafi haɗari shi ne yankewar magani. Yaron da ya saba da ƙwaya aka tsayar masa rana tsaka, jijjigar na iya dawowa ta jeru ba hutawa har ta kashe shi. Ba a tunanin janye magani sai an yi aƙalla shekara biyu ba faɗuwa, shi ma a hankali, da sanin likita. To a dubi yankin da muke magana a kai. Tun bayan annobar, Anka da Bukkuyum suka faɗa cikin bala'in 'yan bindiga, har gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilu na 2019. Ƙauyuka sun tashi, garin Anka ya cika da 'yan gudun hijira, hanyoyi sun zama abin tsoro. Iyalin da suka gudu cikin dare ba da katin asibiti suke gudu ba. Ƙwararrun ƙwaƙwalwar yara, da na'urar EEG mai auna aikin ƙwaƙwalwa, da sashen gashin ƙashi, duk a manyan asibitocin birane suke, Gusau, Sakkwato, Kano, Zariya. Kuɗin motar zuwa da dawowa kaɗai ya isa ya kashe zancen.

A gida kuwa, murhu da rijiya da tafki sun fi jijjigar kanta kashe mai farfaɗiya ko nakasa shi. Yarinya ta faɗi a bakin wuta, mutane su ja da baya saboda an ce kumfar bakinta na yaɗa ciwon, kafin a sami mai ƙarfin halin janye ta hannu ya ƙone. Farfaɗiya ba a ɗaukarta, ko ta yawu ko ta numfashi ko ta cin abinci a kwano ɗaya. Cokalin da ake cusawa a baki karya haƙori yake yi, ruwan da ake ɗurawa huhu yake tafiya, hayaƙin da ake turarawa numfashin da ya rage yake tsukewa. Abin da ake buƙata shi ne a janye shi daga wuta ko ruwa, a sa masa abu mai taushi a ƙarƙashin kai, a juya shi gefe, a rufe masa jiki, a zauna da shi har ya dawo hayyacinsa. In an ce iska ce, ba sai an yi faɗa da iyaye a kan addu'a ba. A yi addu'a a kuma sha ƙwaya. Hadisin Ibn Abbas ya ba mu labarin matar nan mai farfaɗiya da ta zo wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta roƙi ya yi mata addu'a kada tsiraicinta ya riƙa bayyana in ta faɗi, ya kuwa yi mata. Malamin da ya karanta wa mutanen ƙauye wannan a masallaci ya yi rabin aikin cire ƙyama.

Shi kuma yaron da gaɓoɓinsa suka sanƙare, jinyarsa ta hannu ce, kuma hannun uwa ne. Likitan gashin ƙashi na iya ganinsa sau ɗaya a wata in an yi sa'a, sauran kwanakin nata ne. Ita za a koya wa yadda ake miƙar da gwiwa da idon sawu a hankali kullum don kada jijiya ta ƙanƙance ta kafe, yadda ake juya shi don kada kwanciya ta ci masa baya, yadda ake zaunar da shi a kusurwar ɗaki da matasai, ko a 'yar kujerar da kafintan gari zai iya haɗawa in an zana masa. Ciyarwa ita ce babbar jarrabawa. Yaron da haɗiyarsa ta taɓu, in aka kwantar da shi rigingine aka ɗura masa ruwan koko, shaƙewa yake yi, abinci ya gangara huhu, ciwon haƙarƙari ya biyo baya. A zaune ake ba shi, kai a ɗan sunkuye, kunu mai kauri, cokali kaɗan-kaɗan, ko da zai ɗauki rabin sa'a. Uwar da ke da wasu yara biyar da surfe da ɗiban ruwa a gabanta, wannan rabin sa'ar sau uku a rana ba ƙaramin abu ake nema a wurinta ba, kuma duk shirin da bai lissafa da gajiyarta ba, bai san aikin ba. Sannan a duba ji da gani, domin yaron da aka ce ba ya ganewa wani lokaci ji ne ba ya yi.

Ba sai an jira ranar da za a kai ƙwararren likita kowace ƙaramar hukuma ba. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da jami'ar Vanderbilt ta Amurka sun yi wani shiri mai suna BRIDGE, inda aka horar da ma'aikatan lafiya na matakin farko a Kano da Kaduna da Zariya su gane farfaɗiyar yara, su fara magani, su bi diddigi a asibitocin sha-ka-tafi, da tambayoyin tantancewa cikin harshen Hausa. Irin wannan hanya ce ta dace da Bagega da Dareta. A watan Mayu na 2022, watanni uku bayan miƙa shirin Zamfara, ƙasashen da ke cikin Hukumar Lafiya ta Duniya, har da Najeriya, sun amince da wani tsari na shekara goma kan farfaɗiya da cututtukan ƙwaƙwalwa, wanda ke neman a ƙara yawan masu samun kulawa da rabi kafin 2031. In ana neman inda za a fara, ga ƙauyuka takwas da aka san sunayensu, ga yara dubbai da aka riga aka auna aka rubuta. A wurare da yawa wahalar ita ce gano masu ciwon. A nan an san su.

Yaran da ke rarrafe a 2010 yanzu samari ne da 'yan mata, kuma a ƙauyukanmu 'yan matan sun kai ɗakin miji ko suna hanya. Dalmar jini na raguwa cikin makonni, amma ta ƙashi na yin shekaru gommai. Idan mace ta ɗauki ciki, jikinta na ɗebo kalsiyam daga ƙashinta don gina na jariri, dalmar da ke kwance a ciki ta biyo shi, ta ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan da bai taɓa ganin injin niƙa ba, ta kuma ƙara wa uwar haɗarin hawan jini. Wadda ke shan valproate tun tana ƙarama kuma tana buƙatar likita ya sauya mata magani kafin cikin ya shiga, ba ta yanke shi da kanta ba bayan ya shiga. Saboda haka ungozomar da ke awon ciki a Anka ko Bukkuyum ya kamata ta riƙa tambayar kowace sabuwar mai ciki ƙauyen da ta tashi, da ko an taɓa ba ta maganin dalma tana yarinya, da ko tana faɗuwa. In amsar ta zama e, a auna jininta, a ƙara mata kalsiyam da maganin ƙarin jini, a duba ƙwayar da take sha, a kuma auna jaririn in ya zo. Wannan aiki ne da babban asibitin ƙaramar hukuma zai iya, muddin ma'aikatar lafiya ta jiha ta ajiye masa na'urar awo mai aiki da maganin da ba ya yankewa.